Kazan, Birnin Tatar a Bakin Kogin Volga

Da almuru jirgin ƙasa ya bar Mosko, gari na wayewa muka sauka a Kazan, babban birnin Jamhuriyar Tatarstan, yankin ƙabilar Tatar a cikin ƙasar Rasha, bayan tafiyar kimanin kilomita 800 zuwa gabas.

Duk baƙon da ya zo, tsohuwar ganuwar garin yake fara nufa, wadda suke kira Kremlin. Ni ma can na dosa. A cikinta masallacin Kul Sharif yake, fari fat, hasumiyoyinsa masu shuɗin kai, ga kuma majami'ar Orthodox dab da shi. Kyau kam ya yi, sai dai sabo ne, a 2005 aka buɗe shi. Sunan na limamin da aka kashe ne tare da almajiransa a 1552, shekarar da sarkin Mosko, Ivan na Huɗu, ya ci garin da yaƙi, ya kawo ƙarshen daular Tatar da aka kafa a 1438. Musulunci kuwa ya daɗe a yankin, tun 922 sarkin Bulgar na Volga ya karɓi jakadun halifan Bagadaza.

Bayan faɗuwar garin, an rushe masallatai, aka fitar da Tatar bayan ganuwa. Unguwarsu ta bakin tafkin Kaban tana nan, gidajen katako masu fenti kala-kala, kuma can na fi daɗewa. A nan na yi azahar a masallacin Marjani. Ba shi da ƙawar Kul Sharif, masu ɗaukar hoto ma ba su cika damunsa ba, amma a ganina shi ne ya sha wuyar tarihin. Fiye da shekara 200 Musulmin Kazan suka yi ba masallacin dutse, sai da sarauniyar Rasha, Katarina ta Biyu, ta ziyarci garin a 1767 ta ba da izini, aka gama ginin a 1770. Ana ba da labarin cewa manyan gari sun kai ƙarar tsayin hasumiyar, ita kuwa ta ce ƙasa take mulki, sama ba hurumin ta ba ne. Zamanin Tarayyar Sobiyet, da aka mayar da sauran masallatan garin rumbuna da makarantu, wannan kaɗai aka bari ana salla a cikinsa.

Jami'ar garin, wadda aka kafa a 1804, wucewa kawai na yi ta gabanta, ko da yake daga nan aka kori Lenin, wanda daga baya ya kafa Tarayyar Sobiyet, a 1887 saboda zanga-zangar ɗalibai. Yunwa ta riga ta ci ni, sai na shiga wani gidan abinci na nemi ecpocmak, wato gasasshen burodi mai kusurwa uku da nama da dankali da albasa a ciki, na haɗa da shayi mai zafi.