Turancin Manyan Gari Da Ya Ci Wa Ɗalibaina Maki

Duk wanda ya taɓa koyar da masu gyaran takarda ya san irin yaran da nake nufi. Ka tambaye su mece ce "preposition", su rero maka ma'anarta kamar karatun allo. Ka ce su rubuta wasiƙar neman aiki layi biyar, sai ka rasa inda za ka fara sa jan biro. Irinsu nake tarawa a wani zaure a Tudun Wadar Kaduna tsakanin La'asar da Magariba. Yawancinsu Turanci ne ya riƙe su a WAEC ko NECO, sun samu D7 ko E8, jami'a kuwa C6 take nema, ba ragi.

Tun da wuri na fahimci cewa ƙa'ida ba ita ce damuwarsu ba. Kalmomin Turanci kowace da abokan tafiyarta. "Interested" da "in" take tafiya, "depend" da "on". Bayan "enjoy" sai "reading", bayan "want" kuwa sai "to read", kuma in ka nemi dalili sai ka kwana kana nema. Mu ma haka muke. Wa ya zaunar da mu ya koya mana cewa bashi cinsa ake yi, iska shanta ake yi, waya kuma buga ta ake yi? Kunne ne ya ɗauka. Na kuma san cewa a Jami'ar Birmingham ta Ingila, John Sinclair da abokan aikinsa sun zuba miliyoyin kalmomi na ainihin magana da rubutu a kwamfuta don su ga wace kalma ke bin wace, daga nan ƙamus ɗin COBUILD ya fito a 1987. Sai na ce to mu ma mu yi namu daidai ƙarfinmu.

Na sa kowa ya sayi littafin rubutu. Duk inda ya ga Turanci a gari ya kwafo jimlar gaba ɗayanta: allunan shaguna a titin Ahmadu Bello, fastocin da ke gadar Kawo, katin biki, sanarwar da ake liƙawa a ofisoshi, saƙonnin da makarantu ke tura wa iyaye ta WhatsApp. Yaran suka ɗauki abin da zafi. Waɗanda da ƙyar suke buɗe baki suka fara kawo shafi biyu, uku. Har na fara jin kaina.

Sai ranar da na yi musu gwaji da tsofaffin tambayoyin jarrabawa, ana saura 'yan makonni a shiga ɗakin. Tambayar ita ce a cike gurbi a "The committee ... five members." Kusan duk zauren suka zaɓi "comprises of". Amsar kuwa "comprises" ce kawai, ba ta ɗaukar "of". Na duba wasiƙunsu, ga "discuss about", ga "request for permission" a matsayin aikatau, ga "to enable me attend" babu "to" ta biyu, ga "all staffs". Kurakuran da wasunsu ba sa yi a da, yanzu sun zauna musu daram.

Na tambayi wata yarinya, wadda ta fi kowa ƙoƙari, inda ta samo wannan. Ba ta yi gardama ba. Littafinta ta buɗe ta miƙo mini.

"Malam, daga takardar ofis na kwafo. Har da hatimi, darakta ne ya sa hannu."

Har yau wannan hatimin yana ci mini rai. Ni na tura su su kwaso, ban tace abin da suka kwaso ba, don a zatona haɗarin yana wajen Turancin 'yan kasuwa da masu Keke Napep. Ashe wannan mai sauƙi ne. "I am coming" alhali mutum tafiya zai yi, ai "ina zuwa" ce. "Borrow me your biro" daga "ara mini" ta fito, "drink medicine" daga shan magani, "I am hearing smell" daga jin wari, "isn't it?" da ake liƙa wa ƙarshen kowace jimla kuma "ko ba haka ba?" ce. Da zarar ka nuna wa yaro Hausar da ke ƙarƙashi, sai ya yi dariya, ya daina. Amma wanda ya zo a kan farar takarda mai tambari, da sa hannun babban mutum, yaro ba ya zarginsa. Ni ma da nake malaminsu sai da na koma ƙamus a kan biyu daga ciki, don na ji su a bakin manya har sun zama daidai a kunnena.

Da na zauna na bi su ɗaya bayan ɗaya, sai na ga ba haka kawai suke faɗowa ba. Suna yana ɗaukar abin da aikatau ba ya ɗauka: "a discussion about" daidai ne, "a request for" daidai ne, "emphasis on" daidai ne. Mutane sai su ɗauko wutsiyar sunan su ɗaura wa aikatau. "Comprise of" kuma gaurayen "comprise" ne da "consist of". Da na san haka tun farko, da darasin yamma ɗaya ya isa.

Kada a ce ina raina Turancinmu. A Janairun 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomin Turancin Najeriya 29, har da "Kannywood" da "next tomorrow" da "severally" da ma'anar da muke ba ta. Harshe ne mai rai, a Kasuwar Barci da sakateriya yana biyan buƙata. Akwai ma wani yaro a ajin da ke sayar da wayoyi a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, wanda ke jera siffofi daidai, "brand new black Samsung phone", bai taɓa jin akwai ƙa'idar jera su ba. Amma mai duba takardar WAEC ba da wannan ma'aunin yake aiki ba. Insha'i kalmomi 450 ake so, maki 10 aka ware wa tsabtar rubutu, kowane kuskure rabin maki yake ci. Kuskure ashirin, goman ta tafi. Yaron da ya sha "equipments" da "informations" da "furnitures" daga alluna zai tara ashirin ɗin kafin ya kai tsakiyar shafi.

Sauran makonnin a kan cire abin da muka shuka suka ƙare, lokacin da ya kamata mu ba taƙaitawa da gwajin furuci. Yanzu littafin nan yana nan, amma shafi biyu ake buɗewa: hagu yadda ake faɗa a gari, dama yadda mai maki yake so. Ba jimlar da ke tsallakawa dama sai an duba ƙamus na masu koyo a waya, kuma misalan da ke ƙarƙashin kalmar nake sa su karanta da ƙarfi, don a nan ake ganin abokan tafiyarta. Takardar ofis kuwa, komai girman hatiminta, hagu take fara zama.

Da sakamako ya fito, da yawa sun haye. Yarinyar nan D7 ta sake samu. Mahaifinta, tsohon ma'aikacin masaƙa a Kakuri, ya zo da kansa, ya ce zai sake biya mata ta masu zaman kansu da ake yi a ƙarshen shekara. Na ce kuɗin lesin kam ba zan karɓa ba, na kuma gaya masa dalili, har na nuna masa takardar. Ya juya ta, ya daɗe yana kallon hatimin.

"To Malam, shi wanda ya rubuta wannan, wa ya ba shi nasa makin?"

Na ce, "Baba, wannan sai dai mu tambaye shi."