Godiya ga waɗanda suka tsaya mini da kwamfutata ta ƙi tashi

Alhamdulillahi. Ina miƙa godiyata ga duk waɗanda suka taimaka mini lokacin da kwamfutata ta tafi-da-gidanka ta mutu, ana dab da karɓar kundin bincikenmu na kammala digiri a Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa da ke nan Bauchi. Kwamfutar ta hannu ce, tokunbo, wadda yayana ya saya mini, kuma duk abin da na rubuta da bayanan da na tattaro daga ƙauyuka suna cikinta.

Abokan karatuna ne suka fara kawo ɗauki. Sun sa na cire batir da caja, na danne maɓallin kunnawa na kusan daƙiƙa 30 domin ragowar wutar da ke ciki ta fita, sannan wata ta aro mini cajarta muka gwada. Ko ƙyaftawa fitilar ba ta yi ba, amma na gode musu, don ba su bar ni ni kaɗai da damuwar ba.

Babbar godiyata tana ga wani mai gyara da ke kusa da kasuwar Wunti. Kafin in je wurinsa, an riga an gaya mini a wani shago cewa bod ɗinta, wato babban allon da kayan cikin kwamfuta ke maƙale a kansa, ya ƙone, sai dai in nemi wata. Shi kuwa da ya ji abin da ke cikinta, sai ya ce, "Ƙanwata, bari mu fara ceto karatunki." Ya ciro hadis ɗin, wato ma'ajiyar bayanan kwamfutar, ya haɗa shi da tasa kwamfutar, ya kwafe mini kundin a filas tun bai taɓa komai ba. A ganina wannan kaɗai ya isa a gane wanda ya san darajar abin da aka ba shi amana.

Daga nan ya auna cajar da mita, ta nuna bolt 19.5 kamar yadda aka rubuta a jikinta. Abin da ya ja hankalinsa shi ne, da zarar an cusa ta a kwamfutar sai fitilar cajar ta ɗauke, wanda ya ce alama ce ta cewa wuta tana haɗuwa a wani wuri a ciki. Ya buɗe kwamfutar, ya kakkaɓe ƙurar hunturu da ta toshe fankar, ya shafa sifirit a kan bod ɗin, sannan ya ba shi wuta kaɗan. Ina tsaye na ga sifirit ɗin ya bushe nan take a kan wata 'yar kafasita, wato 'yar na'urar da ke riƙe wuta a kan bod, da ba ta fi ƙwayar shinkafa ba, saboda ita ce ke ɗaukar zafi. Ya cire ta, ya maye gurbinta da wata daga wani tsohon bod, kwamfutar ta tashi. Kuɗin aikinsa kawai ya karɓa, ya kuma gargaɗe ni da in daina barin caja a soket lokacin da ake tayar da janareta ko aka dawo da wuta.

Ina kuma gode wa malamin da ke duba aikina bisa ƙarin lokacin da ya ba ni, da Yaya da ya biya kuɗin gyaran, da Umma da ba ta gaji da addu'a ba. Mai gyaran nan da yaron shagonsa da ya riƙe masa fitila har bayan magariba, Allah Ya sa albarka a sana'arku, Ya saka muku da alheri, Ya jiƙan magabatanku.