Na hana zomanyata abinci kafin tiyata, saura ƙiris in rasa ta

Makonni na yi ina fargabar allurar barci, ashe ba ta nan matsalar za ta ɓullo ba. Da hannuna na jawo ta. Daren da za a cire wa zomanyata mahaifa na ɗauke mata abinci tun ƙarfe 9, kamar yadda ake yi wa kare ko kyanwa. Ba wanda ya sa ni, ni kuma ban tambaya ba.

Zomo ba ya iya amai, don haka ba a sa shi azumi kafin tiyata. A bar masa busasshiyar ciyawa da ruwa har lokacin da za a shiga da shi, a kuma tafi da abincin da ya saba don ya samu da zarar ya farfaɗo. Hanjinsa ba ya jure zama babu aiki. In ya tsaya, iska ta taru, ciki ya ɗauki ciwo, ciwon ya hana shi ci, rashin cin ya ƙara tsayar da hanjin. Tawa ta shiga da yunwar awa 12, ta fito ga raɗaɗin yanka a kai. Kwana uku ina ɗura mata jiƙaƙƙen abinci da sirinji duk bayan awa 4, kaɗan-kaɗan ta gefen baki don kada ta ƙware, ina leƙen ƙasan keji ko zan ga kashi.

Tsoron allurar barcin ba na banza ba ne. Wani babban bincike da aka yi a Birtaniya, aka wallafa a 2008, ya gano cewa cikin lafiyayyun zomaye 137 da aka sa barci ɗaya kan mutu, alhali a kyanwa ɗaya ne cikin 895. Mafi yawan mace-macen kuma bayan an gama aikin suke faruwa. Na karanta wannan tun kafin ranar, amma ta bayan kunnena ya bi.

To me ya sa na yarda aka yi? Sankarar mahaifa. Ita ce ciwon dajin da ya fi kama zomanya, haɗarinta na ƙaruwa sosai daga shekara 3 ko 4 zuwa sama, tana kuma yaɗuwa zuwa huhu. Sau da yawa sai an ga jini a fitsari ake farga, lokacin dabbar ta manyanta, tiyatar ta fi wuya. A wurina mace ba ta da wani dogon lissafi: a yi mata tana wata 4 zuwa 6, kafin kitse ya lulluɓe mahaifar. Namiji dai ana iya yin shawara, don galibi fesa fitsari da faɗa ne ke sa a fiɗiye shi. Amma a raba shi da mace har mako 6 bayan aikin, don zai iya yi mata ciki.

Ka tambayi likitan dabbobi ko ya saba yi wa zomaye, ko zai ɓoye ɗinkin a ƙarƙashin fata, ko zai ba ka maganin raɗaɗi irin meloxicam ka tafi da shi. In ya ce a hana ta ci, ɗauki zomanyarka ka nemi wani. Kada kuma a ba ta amoxicillin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, ta baki, yana kashe ƙwayoyin hanji masu amfani da take rayuwa da su.

A gida a sa ta wuri mai ɗumi, a hana ta tsalle kwana 10, a duba ɗinki safe da yamma. Idan awa 12 ta wuce ba ci ba kashi, a koma wurin likita nan take. Ni sai da na kai awa 20 ina cewa gajiya ce. A safiya ta huɗu na ga 'yan ƙananan kashi busassu a kusurwar keji, kuma har yau in na tuna yadda na ɗauke kwanon nan ina jin na yi dabara, haushin kaina nake ji.