Amfilifaya, sifika, da tiwitar da ta ƙone mana a Jidda

Jiya bayan isha'i ƙanena ya turo min hoto a WhatsApp daga Shara Mansur can Makka, wai Yaya dan Allah duba min wannan amfilifayar, wato na'urar ƙara wa sifika ƙarfin sauti, an rubuta wat 3000 a jikin kwalinta kuma mai shagon ya ce zai min ragi. Na kira shi nan take na ce kar ka ba da ko riyal ɗaya tukuna, wace sifika za ka jona mata? Ya ce ai bai sayi sifika ba, so yake ya fara da "injin" sannan daga baya ya nemo. To wallahi nan ne yawancin mutanenmu suke kuskurewa, ni ma nan na kuskure shekarun baya, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta abin a tsanake tunda ba shi kaɗai ke min wannan tambayar ba.

Wannan 3000 ɗin in ka duba da kyau za ka ga ƙananan haruffa PMPO a gefensa, lamba ce ta talla kawai wadda ba ta da wata ƙa'idar awo da aka yarda da ita, kowane kamfani yadda ya ga dama yake lissafa ta. Wadda za ka nema ita ce ta RMS, wato ƙarfin da za ta iya riƙewa tana aiki babu tsayawa, ɓangaren hagu da na dama duka a kunne, kuma a gaya maka a om nawa aka auna, wato ma'aunin yadda sifika ke turje wa wuta. Tawa ta gida Sansui AU-717 ce, ta ƙarshen shekarun 1970, wat 85 kowane ɓangare a om 8, a harajin Sawarikh, wato kasuwar gwanjo da ke kudancin Jidda, na tsince ta tana ƙasa a kan tabarma tsakanin tsofaffin fankoki da tukwanen shinkafa, da na sunkuya zan ɗauka sai da na sa hannu biyu saboda nauyin taransifomomin cikinta. Wat 85 ɗin nan ban taɓa kai ta ko rabi ba a majalisata.

Yadda na koyi darasin kuwa, walimar auren ɗan yayata ce aka yi a wata istiraha, wato gidan taro mai fili da ake haya, aka ce in kawo kayan sautina a sa ƙasidu kafin a ci abinci. Lokacin wata ƙaramar amfilifaya gare ni mai wat 30, sifikun kuma masu om 4 ne, irin masu cin wuta ɗin nan. A ɗaki lafiya lau suke, amma fili ba ɗaki ba ne, babu bango da zai dawo da sauti, jama'a na ta cewa a ƙara a ƙara ba ma ji, ni kuma ina ta murɗawa har muryar mai baitin ta fara kaushi kamar ana yaga takarda, can sai ga wari irin na ƙonanniyar roba, sauti ya dushe kamar an rufa masa bargo. Tiwita ɗaya, wato 'yar ƙaramar sifikar cikin akwatin mai fitar da siririn sauti, ta tafi. Abin ya yi min ciwo sosai don sifikun nan sai da na yi wata huɗu ina tara kuɗinsu.

Na kai wa wani dattijo namu mai gyaran rediyo a unguwar Karantina, ya buɗe, ya nuna min wayar cikin tiwitar siririya kamar gashi ta yi baƙi ƙirin. Na ce Baba to ai amfilifayar ƙarama ce, ta yaya za ta ƙona sifikar da aka rubuta mata wat 100? Ya ce ɗana, jakin da aka ɗora wa kayan raƙumi ai shi ke harbi. Ya ɗauki biro ya zana min igiyar sauti a bayan kwali, mai hawa da sauka a lanƙwashe, sannan ya datse kawunan ya ce ka ga in ƙarfinta ya ƙare haka take yi, ta aske saman, kuma wannan askin yana haifar da sautuka masu tsini da yawa waɗanda duk tiwita suke nufa, ita kuma 'yar wayar nan ba za ta iya ɗauka ba. Babbar amfilifaya ma tana ƙona sifika in ka yi mata ganganci, amma ƙaramar da aka matsa wa ba ta da wurin numfashi ko kaɗan.

Daga ranar na fara karanta bayan sifika kafin komai. Lambobi biyu ne. Ta farko ita ce ta dB, yawan ƙarar da sifika ke fitarwa in an ba ta wat 1 kana tsaye mita 1 daga gabanta, kuma lissafin nan yana da ban mamaki, duk ƙarin 3 dB sai ka ninka wat sau biyu. Ma'ana sifika mai 87 dB sai ta sha wat 100 kafin ta kamo ƙarar da mai 90 dB za ta yi da wat 50, kuma in kana so kunnenka ya ji kamar ƙara ta ninka, kusan 10 dB kake buƙata, wato wat sau goma. To ka ga mutumin da ya sayar da mai wat 80 ya sayi mai 100 don neman ƙara, ko 1 dB cikakke bai samu ba. Sifikuna na yanzu Yamaha NS-1000M ne, 90 dB, om 8, shi ya sa suke zaman lafiya da Sansui ɗin. 'Yan ƙananan nan na BBC, LS3/5A, da masoya sauti a Ingila suke ji da su, wajen 83 dB suke, ƙanana a ido amma sun fi waɗansu manyan akwatuna shan wuta.

Ta biyu ita ce om, kuma ita aka fi rainawa. Sifika mai om 4 tana jan ninki biyu na wutar da mai om 8 ke ja, sannan lambar da aka rubuta ba a tsaye take wuri ɗaya ba, tana hawa tana sauka gwargwadon sautin da ke fita, wata sifikar an rubuta 8 amma a wajen bes sai ta faɗo kusa da 3. A nan ne ake gane amfilifaya mai ƙashi. NAD 3020 da ta fito a 1978 wat 20 kacal aka rubuta mata, amma ta yi suna a duniya saboda ba ta durƙusawa in om ya faɗi. Kuma dan Allah masu jona sifika biyu a baki ɗaya ku sani om 8 da om 8 in an haɗa su gefe da gefe 4 suke komawa, 4 da 4 kuma 2, shi ya sa fiyus ke ta tsinkewa a masallatan unguwa da wuraren walima ana zargin mai gyara.

Maganar wai wannan amfilifayar muryarta ɗumi gare ta, waccan kuma sanyi, muna yawan yin musun nan da abokaina in mun zauna shan shayi daren Alhamis. Ni ra'ayina, bambancin yana nan amma bai kai yadda ake zuzuta shi ba matuƙar dukansu biyun ba a wahale suke ba. Masu tub, waɗannan masu ƙwai na gilashi, su kam ana jin nasu, don yadda suke riƙe sifika ya sha bamban, bes ɗinsu yakan ɗan saki kuma muryar mutum takan fito da taushi, ina son su a kan sautin garaya ko udu. A 1985 ma wani injiniya ɗan Amurka, Bob Carver, ya gyara tasa mai tiransisto har ma'aikatan mujallar Stereophile suka kasa bambance ta da wata mai tub da ta ninka ta tsada nesa ba kusa ba. Mu ma mun gwada namu a majalisata, muka sa mitar awon wuta a bakin wayar sifika muka daidaita ƙarar amfilifaya biyu daidai wa daida, don in ɗaya ta ɗan fi ƙara ko kaɗan ne kunne ita zai ce ta fi daɗi, sai ga abokin nawa da ke rantsuwa yana gane tasa ko a barci ya yi shiru yana ta cewa a sake. Amma da muka canza sifiku, ko yaron da ya kawo mana shayi sai da ya ɗago kai.

Abin da nake gwaji da shi karatun Alƙur'ani ne, murya ɗaya babu komai a bayanta. In sin da sadi suka fito kowanne da makhrajinsa ba tare da sun soki kunne ba, kuma kana jin numfashin mai karatu a wurin waƙafi, to haɗin ya yi. Sannan in sa kalangu in ji ko bugun yana tsayawa cak ko yana jan jiki.

Sai kuma abin da ya shafi zamanmu a nan. Zafin Jidda ba ya raga wa amfilifaya irin ƙirar da ake kira Class A, ita ko ba ta fitar da sauti wuta take ci tana zafi kamar dutsen guga, in ka kunna mukayyif (na'urar sanyaya ɗaki) na taga don ta huce kuma gurnaninsa ya cinye duk ƙananan sautukan da ka kashe kuɗi dominsu, shi ya sa ban ga laifin masu ƙirar Class D na yanzu ba, ba nauyi ba zafi, kuma masu kyau a cikinsu sun kai. Danshin teku ma yana cinye soson da ke zagaye da wufa, wato babbar sifikar bes, ka taɓa shi da yatsa kafin ka biya. Kayan haraj kuwa ka juya bayansu ka karanta, waɗanda aka yi don cikin Japan wuta 100 suke sha, ga tsofaffin gidajenmu har yau wasu da soket na 127 da na 220 a ɗaki ɗaya.

Na ce wa ƙanen nawa ya hau jirgin ƙasa na Haramain ya zo ran Juma'a, bayan la'asar mu shiga Sawarikh tare, sifika za mu fara nema, ya zo da karatun da ya saba ji a wayarsa, ni kuma zan riƙo mitata.