Injin Hiace ɗina: a gyara ko a sauya?

Motar da nake neman abinci da ita Toyota Hiace ce, irin wadda ake kira Homa, mai injin fetur 2TR, lita 2.7. Tun da na saye ta na cire kujerun baya. Kayan masarufi nake ɗauka daga Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da ke Kaduna ina raba wa masu shaguna a Rigasa da Mando da Kawo, wani lokaci har Zariya. Agogonta ya haura kilomita 400,000, kuma wannan abin da agogon ya yarda ya faɗa ke nan, don motar da ta biyo ta Kwatano ba a rantsuwa a kan agogonta.

Ciwon a hankali ya shigo. Baƙin mai ya fara raguwa tun lokacin juye bai yi ba, har ya zama galan ba ya rabuwa da bayan kujera. Sai hayaƙi mai shuɗi-shuɗi daga salansa idan na taka ta da lodi. Sai ƙarfi ya ragu, hawan da take cinyewa a giya ta huɗu ya koma sai da ta uku. Da zafin watan Afrilu ya kankama, wata rana wajen Maraban Jos allurar zafi ta haye sama, na tsaya a gefen titi ina jin lagireto yana tafasa. Daga ranar ruwa ya shiga ɓacewa ba tare da na ga inda yake zuba ba.

Masu shawara ba su yi wuya ba. Direbobin da muke lodi tare kusan bakinsu ɗaya: a sauke shi a ɗora na Beljiyam, a huta. Yayana ya ce in sayar da motar gaba ɗaya tun tana tashi. Duka na saurara, amma aljihu ma yana da tasa maganar. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023, aka kuma saki Naira a watan Yuni na shekarar, duk abin da ke shigowa ta jirgin ruwa ya tashi. Na zaga Panteka da Oriyakpata inda ake sayar da kayan mota, na sa aka tambayo mini a Ƙofar Ruwa a Kano. Kuɗin da ake kira wa injin 2TR kaɗai, ban da kuɗin aiki da tarkacen da za su biyo baya, ya sa na koma gida ina lissafi da yatsu.

Bakaniken da ke duba mini mota dattijo ne, Baba muke ce masa. Da na kawo masa maganar sai ya ce, "Alhaji, kada ka yi ciniki da kowa tukuna. Hayaƙi iri-iri ne, kuma ba kowanne ke kashe inji ba." Ya ce baƙin hayaƙi fetur ne ya yi yawa, wannan ba ya kai a sauke inji. Fari mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan inji ya ɗumama, ruwa ne ke shiga silinda. Shuɗi kuwa baƙin mai ne ke ƙonewa, shi ma kashi biyu: idan da sassafe ne kawai in an tayar, yawanci robobin bawul ne suka bushe, idan kuma sai an taka ta da kaya, to ringin fistin ne.

Ya ɗaga kujerar gaba, don injin Hiace a ƙarƙashinta yake, ya kwance filogi huɗun, ya ɗaura agogon gwada matsi a kowace silinda. Biyu na tsakiya sun yi ƙasa sosai, kuma kusan daidai da juna, alamar gaskit ya ƙone a tsakaninsu. Sauran biyun ma ba su cika ba. Ya ɗiga baƙin mai kaɗan a ramin filogi ya sake gwadawa, sai allurar ta tashi. Ya ce to ka gani, man ya toshe ratar da ringi ya bari, da bawul ne ke yoyo da ba ta motsa ba. Wannan gwajin bai ci kuɗin kirki ba, amma shi ya fara raba mini zance da zato. Abin da ya fi kwantar mini da hankali shi ne injin ba ya ƙwanƙwasa daga ƙasa, fitilar baƙin mai kuma ba ta ƙiftawa ko da ya yi zafi yana tsaye.

Duk da haka Baba ya ƙi yanke mini kuɗin gyara. Ya ce sai an buɗe an auna, kuma in yarda tun yanzu cewa idan aka tarar bulok ya tsage ko karanshaf ya ci har ya wuce wanki, wato a fere shi a inji a rage kaurinsa, kuɗin buɗewar ya tafi, sai sayen wani. Na yarda. A ganina nan ne mutane da yawa ke rasa kuɗi: ko su ƙi biyan kuɗin buɗewa su faɗa sayen injin da ba su buƙata, ko su sayo kayan gyara tun ba a ga cikin injin ba.

Kwanakin da ake kwance shi na koma wajen masu sayar da inji, wannan karon da ido ba da baki ba. Akwai masu gaskiya a cikinsu, wani ma da kansa ya ce in zo da bakanikena ya duba. Sai dai inji ne a ƙasa, ba ka ji kukansa ba, ba ka san motar da aka ciro shi ba, ba ka san ko hatsari ne ya kashe ta ko tsufa. Garantin da ake bayarwa na ’yan kwanaki ne, kuma idan ya ƙi, kuɗin ɗorawa da saukewa a wuyanka yake. Akwai kuma wanda ya gama wahala a nan gida, aka wanke shi tas aka jera shi cikin na waje. Cinikin biri a sama ke nan. Wani abin da ban sani ba sai a lokacin: 2TR ɗin da ke cikin Hilux da Prado sunansu ɗaya da na Hiace, amma kaskon mai da wasu kayan jikinsa ba lallai su zauna daidai ba, kuma wanda aka sabunta daga 2015 tsarin bawul ɗinsa ya bambanta, yana iya ƙin jituwa da wayoyi da kwamfutar tsohuwar mota. Ga maganar lambar inji: wanda ya sauya dole ya riƙe rasit ya kuma gyara takardu, in ba haka ba shi da masu binciken hanya ne.

Sakamakon awo ya zo da sauƙi. Bulok ɗin 2TR ƙarfe ne, kan injin da makanikai ke kira top kuwa alminiyom, shi ya sa zafi ya fi saurin lanƙwasa shi. Nawa ya ɗan karkace amma bai tsage ba, aka kai aka goge fuskarsa. Silindoji sun buɗe, sai an faɗaɗa su an sa fistin mai girma na gaba. Karanshaf bai taɓa shiga injin wanki ba, yana nan a girmansa na asali, gogewa kawai ya nema da sabon metal, wato ƙarafan da yake juyawa a kansu. Da na haɗa lissafi, har da sarƙar taimin da famfon mai, gyaran ya tsaya kaɗan sama da rabin kuɗin na Beljiyam. Na ce a gyara.

Ba arahar kaɗai ta ja ni ba, don da bambancin ƙanƙane ne ma zan tsaya in yi tunani. Injin nan na ga cikinsa da idona, na san abin da ya ci da abin da ya rage. Abin da gyara ke ci wanda ba a rubutawa a takarda shi ne lokaci. Ɗora wani inji aikin kwana biyu ne ko uku, gyara kuwa sai da motar ta yi makonni a gareji, ina biyan hayar wata don kada masu shaguna su koma hannun wani. Wanda motarsa ke kai balas kullum, ko yake biyan bashinta, ya sa wannan a lissafi kafin ya bi sawuna.

Kayan gyara tare da Baba muka sayo su. Kwali ɗaya, suna ɗaya, farashi uku, kuma ringi ko gaskit na jabu zai mayar da kai inda ka fito cikin ’yan watanni. Na kuma tsaya a ɗaure kusoshin top da sifana mai awo, bi da bi yadda ya kamata, ba da ƙarfin damtsen yaran gareji ba.

Sai abin da ya kashe injin tun farko, wanda da na sa na Beljiyam ma shi zai kashe shi. Lagireto ya toshe da tsatsa da gishirin ruwan rijiya. Tamostat babu shi, wani ya cire tun kafin motar ta zo hannuna, bisa al’adar nan ta cewa ƙasarmu da zafi, alhali rashinsa yana hana inji zama a zafin da aka ƙera shi ya yi aiki. Robar da ke tsakanin matatar iska da inji ta tsage ta ƙasa, ƙurar hunturu tana wucewa kai tsaye, ita ta cinye ringi. Aka sa sabon lagireto da famfon ruwa da tamostat, aka zuba ruwan sanyaya inji na gaske.

Bayan an tayar, na yi ta lallaɓa ta da rabin lodi, ba gudu, aka juye baƙin mai da wuri don fitar da ɓurɓushin ƙarfe. Yanzu ta koma hanyar Zariya da cikakken kaya, man ba ya raguwa tsakanin juye da juye. Baba ya gaya mini bulok ɗin zai iya ɗaukar faɗaɗawa sau ɗaya nan gaba, amma ni na riga na yanke: ranar da ya sake neman a buɗe shi, ko ya fara ƙwanƙwasa daga ƙasa, sai in duba lafiyar bodi da giyabos, in sun cancanta in ɗora wani, in ba su cancanta ba in bi shawarar Yaya.