Kada girman rago ya ruɗe ku

Ƙannena masu sha'awar kiwo, yawancin tumakinmu na Nijar, irin su Balami da Uda da Ara-ara, gashi ne da su kawai. Mai ulu na gaske, wanda ake askewa a kaɗa a saƙa bargo, shi ne Kundum na bakin kogi, wajen Kollo da Tillaberi, dangin tumakin Masina na Mali. Ƙaramin jiki gare shi, galibi baƙi ne, kuma in ka tsayar da shi kusa da Balami a kasuwar Turaku ta Yamai ba mai kallonsa.

Wannan raini ne ya ja ni. Ina da tumaki Kundum masu kyawun ulu, sai kwaɗayi ya ce in sa musu ƙaton ragon Balami, in samu ulu in kuma samu ragunan Layya. Bayan wata 5 suka haihu. Ƴaƴan sun fi iyayen tsayi, gaskiya ne, amma da suka girma ulun ya fito gauraye da gashi mai kauri, mai tsini, wanda ba ya kaɗuwa kuma ba ya shan rini. Tsohuwar da ke kaɗa mini zare ta murza shi tsakanin yatsu biyu, ta miƙo mini abina.

"Ɗana, wannan sai dai a cusa matashin kai."

Tunkiya ɗaya ɗanta kawai take ɓatawa, rago kuwa garken duka yake hawa. Saboda haka kafin ku biya kuɗin rago, ku buɗe ulunsa da hannu har ku ga fata, a kafaɗa da haƙarƙari, musamman a cinya, domin nan mugun gashi ke ɓuya. In da hali, ku ce a nuna muku uwarsa. Ku kuma canja shi kafin ya fara hawan ƴaƴansa.

Sakacina na biyu a kan lafiya ne. Na ga tunkiya tana goga jiki da garu, tana cizon gefenta, na ce zafi ne. Ashe ƙazuwa ce. Kafin in kira likitan dabbobi ta bi garken, ulu na zubewa faci-faci. Allurar ivermectin aka yi musu, aka maimaita, da gargaɗin kada a yanka ko ɗaya sai maganin ya bar jiki.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne zazzaɓi. Tunkiya ta warke sarai, amma silin da ya tsiro a kwanakin ciwon siriri ne, kana ja ya tsinke daidai wurin. Yunwar bazara da tsutsar ciki ma haka suke yi, har da shayarwa in abinci bai isa ba. Ku tanadi harawa da dusa tun kaka, lokacin da suke da araha, ku ajiye musu gishirin lasa, kuma in ma'aikatan kiwo sun zo rigakafin annobar awaki da tumaki kada ku ɓoye dabba ko ɗaya.

Ƙarangiya kuwa, in ta cika fili bayan damina, ku sauya musu wurin kiwo. Ta shiga ulu, almakashi ne kawai ke fidda ta.