Huluna shida a ajin JSS3

Kwanakin baya na shiga aji na rubuta a allo: biro da littafi kuɗinsu naira 110, littafin ya fi biron tsada da naira 100, to nawa ne biron? Wallahi ban gama ajiye alli ba aji ya ɗauka gaba ɗaya, "naira goma Malam!" har da masu ɗaga hannu biyu. Na ce a sake dubawa, na yi shiru na jingina da tebur. Can sai wata yarinya da ke zama a layin baya, wadda tun farkon zango ban taɓa jin muryarta ba, ta ce a hankali "Malam biyar ne, in biro goma ne littafi zai zama 110, ka ga kuɗin sun koma 120 ke nan." Daidai ta faɗa.

Abin ya tsaya min a rai har na koma gida. Yaran nan ba daƙiƙai ba ne, mu ne muka saba musu da cewa wanda ya riga buɗe baki shi ne mai ƙoƙari. Daniel Kahneman, masanin halayyar ɗan Adam da ya samu kyautar Nobel a 2002, ya yi bayanin cewa tunani iri biyu ne, akwai mai sauri da ke faɗo maka amsa nan take, akwai mai nutsuwa da sai ka zauna ka auna, kuma wannan tambayar irin wadda ake gwada bambancin da ita ce. Akwai kuma Mary Budd Rowe, wata malama 'yar Amurka da ta yi ta naɗar darussa a kaset a wajajen 1970, ta gano malami in ya yi tambaya da ƙyar yake jiran daƙiƙa ɗaya, amma in ya daure ya kai uku sai amsoshi su yi tsawo, yaran da ba sa magana su fara magana. Na gwada ƙirga uku a zuciyata, gaskiya da wuya fa, bakinka ƙaiƙayi yake yi ka ba da amsar da kanka.

To abin da ya fi damuna shi ne zaɓen aji. Ɗan JSS3 zai tafi SS1, dole ya zaɓi kimiyya ko adabi ko kasuwanci, kuma kusan kowa kimiyya yake cewa, wai zai zama likita, wani don babansa ya ce, wani don abokinsa can zai je, wani kuma don ana yi wa 'yan ajin adabi kallon waɗanda suka kasa. Shawara ce da za ta bi yaro har JAMB har jami'a amma ba mu taɓa zama mun koya masa yadda ake yanke ta ba, hadda kawai muke ɗura masa.

Sai na ɗauko dabarar huluna shida ta Edward de Bono, mutumin Malta, wadda ya fitar a 1985. Na sayi kwali kala shida na yanka na liƙa. Farar hula bayanai kawai, ba ra'ayi. Ja abin da zuciyarka ke ji, ba sai ka kawo hujja ba. Baƙa haɗari da abin da zai iya lalacewa, ruwan ɗorawa amfani, koriya sabuwar hanya, shuɗiya kuma ta mai tsara zaman ce. Ina ɗaga jar sai na ji "Kwankwasiyya!" daga baya, nan Kano ne dole, na bari suka gama dariyarsu muka ci gaba.

Sirrin abin shi ne duk aji hula ɗaya za a sa a lokaci ɗaya, ba a raba su gida biyu ana musu kamar yadda muke yi a muhawara. Da farar hula muka rubuta abin da JAMB ke so ga mai neman likitanci, Ingilishi, fizis, kemistiri da bayoloji, ga kiredit biyar a WAEC ko NECO har da lissafi, mai son lauya kuma sai ya yi adabin Ingilishi. Na ce kowa ya buɗe sakamakonsa na zangon da ya wuce ya kalla, kar ya nuna wa kowa. Aji ya yi tsit.

Jar hula ce ta fi taɓa ni. Wani yaro dogo da kullum shi ke fara ihun "likita" ya tashi ya ce "Malam ni fa tsoron jini nake, ko rago aka yanka da Sallah ba na tsayawa, amma Baba ya riga ya faɗa wa kowa." Ba wanda ya yi dariya, saboda ƙa'idar hular ita ce ba a tambayar dalili. Baƙar hula kuwa na lura 'yan mata sun fi kowa iya ta, ɗaya ta ce makarantarmu ɗakin gwaje-gwaje babu kaya, to da me za a yi firaktikal? Ba ni da amsar da zan ba ta, na rubuta a allo kamar yadda ta faɗa.

Ban ce wa kowa ga abin da zai zaɓa ba, ba hurumina ba ne, da iyayensu. Na dai ce kowa ya rubuta layi ɗaya ƙarƙashin kowace hula ya kai gida a karanta. Bayan kwana biyu mahaifin yaron nan mai tsoron jini ya zo da takardar a aljihu, muka zauna a benci ƙarƙashin darbejiya, ya ce "Malam, ashe yaron nan lissafin kuɗi yake so, shi ke riƙe min littafin shago tun bara ban taɓa kawo komai ba." Ya tambaye ni darussan da ake yi a ajin kasuwanci, na rubuta masa su a bayan takardar.